Yadda Ake Amsa Tambayar Rahoto a Jarrabawar Ƙwararrun Akantoci

Duk shekara idan jarrabawa ta ƙarato, nakan gyara takardun gwaji na ɗaliban da muke karatun dare da su a nan Yamai. Yawancinsu ma'aikata ne. Wannan kwantabul ne a wani shago a Katako, waccan tana sitaj a wani kabine, wato ofishin ƙwararrun akantoci, a Filato, wancan bai daɗe da fitowa daga Jami'ar Abdou Moumouni ba. Lissafi ba ya ba su tsoro ko kaɗan. Ka miƙa musu bilan, wato jadawalin dukiyar kamfani da basussukan da ke kansa, kafin shayin farko ya tafasa sun fitar maka da alƙaluma shafi guda. Amma da tambaya ta ce a rubuta wa shugaban kamfani rahoto, sai ka ga jiki ya yi sanyi, ana ta tauna gindin bik.

Ni ma na sha wannan kashin. Karon farko da na zauna irin wannan jarrabawa, na ɓata awa ɗaya da rabi ina zana jadawali da rula, kowane layi tsaf kamar za a kai shi banki. Lokacin da mai tsaro ya ce a ajiye bik, shawarar da na ba kamfanin ba ta wuce layi huɗu ba, kuma da gudu na rubuta ta. Na samu 7 cikin 20. Lissafina daidai yake, ban kuskure ko dala ba, amma abin da aka tambaye ni daban ne.

Irin wannan tambaya tana jiran ka ko ta wace hanya ka bi. Wanda ya bi tsarin ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, zai gamu da ita a jarrabawar DESCOGEF, sannan bayan sitaj na shekara uku ya sake gamuwa da ita a jarrabawar ƙarshe ta DECOFI. Wanda ya bi tsarin Faransa zai same ta a jarrabawar DCG da ta DSCG, inda ake neman matsakaicin maki 10 cikin 20, kuma maki ƙasa da 6 a darasi guda yana kayar da mutum. Masu Ingilishi da suka bi ACCA, ƙungiyar akantoci ta Birtaniya, kuwa, a takardarsu ta SBL an ware maki 20 cikin 100 don yadda mutum ya gabatar da aikinsa kamar ƙwararre, kuma 50 ake nema a ci. Sunaye sun bambanta, amma abu guda ake aunawa: idan aka zaunar da kai gaban mai kamfani, za ka iya gaya masa halin da yake ciki da abin da ya kamata ya yi?

Mataki na farko: karanta abin da aka ce ka yi kafin ka karanta labarin

Takardar tambaya takan zo da labarin kamfani shafi biyu ko uku, da rataye-rataye, wato aneks, sannan can ƙasa abin da ake so ka yi. Fara daga ƙasa. Idan ka fara da labarin, za ka karanta shi kamar jarida, komai ya yi maka kama da mai muhimmanci. Idan ka riga ka san abin da ake nema, idonka da kansa zai riƙa tsayawa inda ya dace.

A cikin umurnin, ja layi ƙarƙashin abu huɗu: wane ne kai a labarin, wa kake rubuta wa, wace irin takarda ake so, da kalmar aikin. Na biyun shi ɗalibai suka fi rainawa. Rahoton da za a kai wa majalisar gudanarwa daban yake da takardar da ƙaramin ma'aikaci zai rubuta wa shugaban kabine. Shugaban kabine ya san SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni da muke bi, ciki da bai, idan ka tsaya fassara masa ma'anar bilan ka ɓata masa lokaci. Ɗan kasuwar da ya gina dukiyarsa da hannunsa bai taɓa zama ajin lissafi ba, idan ka jefa masa BFR, wato buƙatar kuɗin juyawa, ba bayani ka bar shi a duhu. Bankin da ake neman bashi wurinsa kuwa tambayarsa guda ce, kuɗina za su dawo?

Kalmar aikin ita ma a kula da ita. Idan an ce *calculer*, lissafi ne kawai. *Analyser* na nufin ka warware abin ka nuna dalilinsa. *Évaluer* ko *apprécier* na neman ka auna alheri da aibu sannan ka yanke hukunci. *Recommander* na neman ka tsaya kan magana guda. Sau da yawa jimla ɗaya tana ɗauke da aiki biyu, "ka yi nazari kuma ka ba da shawara", sai ɗalibi ya cika shafi uku da nazari ya manta rabin na biyu, alhali makin an raba shi ne tsakaninsu.

Mataki na biyu: raba lokaci, ka rubuta shi a buruyon

Wannan lissafin minti ɗaya ne. A ce jarrabawar awa huɗu ce a kan maki 20. Minti 240 ke nan. Cire 20 na karatun farko, cire 15 na dubawar ƙarshe, saura 205, wato kusan minti 10 ga kowane maki. Idan rahoton yana da maki 8, rabonsa minti 80 ne, ba ƙari. A takardar ACCA mai awa uku da minti 15, kowane maki yana da ƙasa da minti biyu kaɗan. Rubuta a saman buruyon ƙarfe nawa za ka tashi daga wannan tambaya, kuma idan lokacin ya yi ka tashi ko da jimla ta rage. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu fiye da makin ƙarshe na wadda kake ciki.

Cikin minti 80 ɗin, ni nakan ba da 15 ga karatu da tsari, 20 ga lissafi, 40 ga rubutu, 5 ga gyara. Lura, rubutu ya ninka lissafi.

Mataki na uku: shiga cikin aneks da bik a hannu

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kamfanin na ƙirƙira ne, alƙaluman ma haka. Wani SARL ne, wato kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba, mai sayar da kayan gini a gefen kasuwar Katako: kwano, rodi, fenti, bututu. Mai kamfanin, mu ce da shi Alhaji, yana mamakin yadda ciniki ya bunƙasa amma kullum banki na kiran sa. An ce kai mai ba da shawara ne, ka rubuta masa rahoto kan dalilin ƙarancin kuɗi a hannu da yadda za a gyara.

Ga abin da aneks suka nuna, da kuɗin sefa. Ciniki ba tare da TVA ba, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ya tashi daga miliyan 600 bara zuwa miliyan 750 bana. Kuɗin sayen kayan da aka sayar ya tashi daga miliyan 480 zuwa 630. Ribar ƙarshe ta sauka daga miliyan 36 zuwa 30. Bashin da kamfani ke bin masu saye ya tashi daga miliyan 59 da rabi zuwa kusan 149. Kayan da ke jibge a sito sun tashi daga miliyan 60 zuwa 105. Bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani ya ƙaru da miliyan 15 kacal. Asusun banki da yake da rarar miliyan 20 yanzu ya koma gibin miliyan 65, abin da muke cewa dekuber. A cikin labarin kuma an ambata, kamar a wucewa, cewa bana Alhaji ya fara ba ƴan kwangila kaya bashi da rangwame don ya ƙwace kasuwa, kuma ɗaya daga cikinsu yana riƙe da miliyan 35 da dubu 700 wata takwas ke nan bai biya ba.

Wannan "a wucewa" ɗin shi ne wurin farauta. Mai tsara tambaya ba ya zuba magana a banza. Duk jimlar da ta ambaci sabon tsari, ko canjin ma'aikaci, ko mai saye guda da ya yi girma fiye da kima, an ajiye ta ne don ka ɗauka. Yayin da kake karatu, sa alama a gefe: D ga abin da zai zama dalili, H ga haɗari, S ga abin da zai haifi shawara. Idan ka gama, duba ko akwai aneks ɗin da ba ka taɓa ba. In akwai, koma, akwai maki kwance a ciki.

Mataki na huɗu: lissafi kaɗan, amma wanda zai yi magana

Daga waɗannan alƙaluma za ka iya fitar da ma'auni ashirin. Kada ka yi. Tambayar a kan kuɗin hannu take, don haka biyar ko shida sun isa.

Ciniki ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Ribar da ke tsakanin saye da sayarwa kuwa miliyan 120 ce bara, miliyan 120 ce bana, wato daga kashi 20 ta sauka zuwa 16. Tsaya nan ka kalli wannan da kyau: an ƙara cinikin miliyan 150, ba a ƙara ribar ko dala ba. Wanda ya ga wannan ya ga rabin amsar.

Sai kwanakin da masu saye ke ɗauka kafin su biya, kuma nan akwai rami. Bashin da ke asusu na 411, asusun masu saye a SYSCOHADA, yana ɗauke da TVA a cikinsa, saboda faktir ɗin da aka ba mai saye da harajin take. Don haka dole ka auna shi da cinikin da aka haɗa da TVA. Da kashi 19 cikin 100 na nan Nijar, cinikin bana ya zama miliyan 892 da rabi, na bara 714. Raba bashin da wannan, ka ninka da 360, za ka samu kwana 30 bara, kwana 60 bana. Wanda ya yi amfani da cinikin da ba haraji zai samu kwana 71 ya gina rahotonsa a kan tubalin toka. Kayan sito, idan aka auna su da kuɗin saye, sun tashi daga kwana 45 zuwa 60.

Yanzu haɗa su. Bashin da ake bin masu saye ya ƙaru da kusan miliyan 89, sito ya ƙaru da 45, masu kawo kaya sun ɗauke 15. Buƙatar kuɗin juyawa ta ƙaru da kusan miliyan 119. Jarin dindindin da ke ɗaukar wannan nauyi, idan ka duba bilan, ya ƙaru da miliyan 34 kawai. Bambancin, miliyan 85, shi ne daidai tazarar da ke tsakanin rarar 20 da gibin 65. Idan lissafinka ya rufe haka, ka san kana kan hanya.

Duk wannan a jadawali ɗaya zai shiga, kuma wurinsa ƙarshen rahoto ne a matsayin rataye. Nuna yadda ka yi kowane lissafi a layi guda, domin idan ka kuskure lamba amma hanyarka daidai ce, mai gyara yana da abin da zai ba ka maki a kai. Lamba tsirara wadda ba a ga inda ta fito ba, in ta kuskure ta tafi da komai.

Mataki na biyar: kowace lamba sai ta amsa "to, sai me?"

Nan ne ake cin jarrabawar ko a faɗi, don haka zan daɗe a nan.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini takardarta ranta a ɓace. Ta ce, "Mushe, duk lissafina ya yi daidai da na gyara, me ya sa ka ba ni 3 cikin 8?" Na ce, "Ƙanwata, karanta mini sakin layinki na biyu." Ta karanta: kwanakin biyan masu saye sun tashi daga 30 zuwa 60, wannan ƙari ne na kwana 30, kuma hakan ba shi da kyau ga kamfani. Na ce mata, "To yanzu ki ɗauka ni ne Alhajin, ina zaune a shago, ki faɗa mini wannan da Hausa." Ta faɗa. Na ce, "To, sai me?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ai kuɗinka ne ke hannun ƴan kwangila, kai kuma kana cin bashin banki da ruwa don ka cike gurbin." Na ce, "Wannan da kika faɗa yanzu, ina yake a takardarki?"

Ba ya ciki. Kuma haka yawancin takardu suke. Ɗalibi ya san amsar, idan ka tsare shi da baki zai faɗe ta, amma da ya ɗauki bik ya koma Faransanci sai ya tsaya a maimaita abin da jadawali ya riga ya nuna. Mai gyara yana da jadawalin a gabansa, ba ya buƙatar a karanta masa shi.

Sakin layi mai cin maki yana tafiya ne da ƙafa huɗu. Ka faɗi abin da ya faru da lambarsa. Ka faɗi dalilinsa daga cikin labarin wannan kamfani, ba daga littafin darasi ba. Ka faɗi abin da zai jawo. Sannan ka nuna inda mafita take. Ga yadda na ɗalibar nan zai kasance idan an gyara shi:

"Masu saye yanzu suna ɗaukar kwana 60 kafin su biya, maimakon 30 a bara. Wannan ya biyo bayan shawarar ba ƴan kwangila kaya bashi, waɗanda su ma sai an biya su suke biya. Kowace rana guda ta jinkiri tana riƙe wa kamfani kusan miliyan biyu da rabi, kuma wannan shi ne babban abin da ya jefa asusun banki cikin gibin miliyan 65, wanda kamfani ke biyan ruwa a kansa. Matuƙar ba a sa iyaka ga bashin ba, duk ƙarin ciniki zai ƙara zurfin gibin ne."

Jimla huɗu ce, kuma kowace tana da aikinta. Dubi "miliyan biyu da rabi a rana": daga raba 892 da rabi da 360 ta fito, lissafin daƙiƙa goma, amma ita ce lambar da Alhaji zai riƙe a kansa ya tafi da ita gida.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ke nan, kuma na ga amfaninta: kafin ka rubuta sakin layi da Faransanci ko Ingilishi, faɗe shi a zuciyarka da Hausa kamar kana gaban mai dukiyar. Hausar kasuwa ba ta jure kewaye-kewaye. Ba za ka iya ce wa dattijo "an lura da taɓarɓarewar ma'aunin juyawa" ka tsaya nan ba, zai kalle ka ya ce, "Yaro, me kake nufi?" Amsar da za ka ba shi ita za ka rubuta.

Ɗaya gefen kuskuren shi ne zuba hadda. An tambaye ka kuɗin hannu na kamfanin Katako, sai ka buɗe da tarihin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta Afirka, cewa an sa hannu a yarjejeniyar a Port-Louis a 1993, ƙasashe 17 ne, sabon SYSCOHADA ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Duk gaskiya ne, kuma duk ba maki. Ilimin doka yana shiga rahoto ne lokacin da labarin ya kira shi. Misali, da a ce asara ta cinye dukiyar kamfanin har ta sauka ƙasa da rabin jarinsa, to dole ka ambaci sashe na 371 na dokar kamfanoni ta OHADA, wanda ya wajabta tuntuɓar masu hannun jari na SARL cikin wata huɗu bayan amincewa da asusun, su yanke ko za a rushe kamfanin. A misalinmu kamfani yana cin riba, don haka maganar ba ta taso ba. Barin ta ma gwaninta ce.

Mataki na shida: ƙirar rahoton

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A sama ka sa wanda aka rubuta wa, wanda ya rubuta, kwanan wata, da batun a layi guda. Kada ka sa sunanka na gaskiya ko sa hannunka, matsayin da aka ba ka a labarin za ka rubuta, "mai ba da shawara" ko "mataimakin mai bincike", domin takardun jarrabawa ba a son a gane mai su. Gabatarwa layi uku zuwa biyar: abin da aka nema, takardun da ka dogara da su, da yadda ka tsara amsar. Sai kanun magana, waɗanda ya kamata su bi umurnin tambayar bi da bi, don mai gyara da ke riƙe da ma'aunin maki ya sami kowane abu inda yake tsammani. Mutum ne mai tarin takardu a gabansa, wataƙila taka ce ta sittin a daren. Kada ka sa shi nema.

Abu guda da nake so a ƙara: kanun su riƙa faɗin magana. "Nazarin bashi" bai ce komai ba. "Bashin ƴan kwangila ya ninka kwanakin biya" ya riga ya ba da labari. Kuma idan an saba mana a lakkol da ajiye hukunci sai ƙarshe, a rahoton aiki babu laifi ka faɗi babban sakamakon tun a gabatarwa, jimla ɗaya: ciniki ya ƙaru, riba ba ta ƙaru ba, kuɗin sun maƙale a bashi da sito. Ko lokaci ya ƙure maka daga baya, hukuncinka yana kan takarda.

Mataki na bakwai: shawara mai hannu da ƙafa

"Ya kamata kamfani ya inganta karɓar bashi." Na karanta wannan jimla fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Alhaji ya san ya kamata, abin da ya sa ya kira ka shi ne bai san ta yaya ba.

Shawara sai ta faɗi abin da za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, da abin da za ta kawo. A misalinmu: a mayar da wa'adin biyan ƴan kwangila kwana 45 cikin wata shida, a sa wa kowane mai saye iyakar bashin da ba zai wuce ba, a riƙa karɓar wani kaso kafin a ɗora kaya a mota, kuma kwantabul ya riƙa fitar da jerin basussuka bisa tsufansu duk ƙarshen wata. Rage kwana 15 zai saki kusan miliyan 37. Mayar da sito kwana 45 zai saki wasu miliyan 26, tunda kowace rana ta sito miliyan ɗaya da dubu 750 ce. Jimilla miliyan 63, gibin kuma 65 ne. Ka ga ke nan ka nuna wa Alhaji cewa kusan duk maganin yana cikin gidansa, kafin a je ga roƙon masu kawo kaya su ƙara wa'adi ko a nemi banki ya mayar da gibin bashi mai dogon zango.

Sannan ka faɗi kuɗin da shawarar za ta ci. Idan aka matsa wa ƴan kwangila, wasu za su koma shagon maƙwabci, ciniki zai ragu. Faɗi hakan, ka kuma amsa shi: tunda ƙarin cinikin miliyan 150 bai kawo ƙarin riba ba, rasa wani ɓangarensa ba asara ba ce kamar yadda ake gani. Shawara uku da aka jera bisa gaggawa, kowace da lambarta da haɗarinta, sun fi goma da aka watsa. Idan kuma an ba ka zaɓi biyu aka ce ka zaɓa, zaɓi ɗaya. Mai cewa "kowanne yana da amfaninsa, ya rage ga shugabanni" ya mayar wa mai tambaya tambayarsa.

Ɗan kwangilar nan mai wata takwas

Ba mu manta da shi ba. Miliyan 35 da dubu 700 da TVA, wato miliyan 30 ba haraji. Wannan daidai yake da ribar shekarar gaba ɗaya. Ƙa'idar taka-tsantsan ta SYSCOHADA tana neman a mayar da irin wannan bashi asusu na 416, na basussukan da ake shakka, a kuma yi masa tanadin raguwar daraja a asusu na 491 gwargwadon abin da ake tsoron rasawa. Ba a gaya maka ko nawa za a iya karɓowa ba, don haka kada ka ƙirƙiro, kuma kada ka yi shiru. Rubuta zatonka a fili: "idan aka ɗauka rabi ne zai dawo, tanadin zai kai miliyan 15 a kan adadin da ba haraji, ribar da aka nuna za ta ragu sosai." Ka kuma nemi abin da zai tabbatar: wasiƙun tuni da aka aika, yarjejeniyar da aka sa wa hannu, halin da kwangilar mutumin take ciki.

Wani lokaci tambayar takan ƙara gishiri, a ce mai kamfani ya roƙi kada a taɓa wannan bashi sai banki ya amince da rancen da yake nema. Wannan gwajin amana ne, kuma akwai maki a kansa. Amsa cikin ladabi, ba zargi, ba wa'azi: ba za a iya ba, domin asusun zai nuna wa banki hoton da ba na gaskiya ba, kuma alhakin zai hau kan mai kamfanin da wanda ya tsara asusun. Sannan ka ba shi hanyar halal, a kai wa banki asusun gaskiya tare da tsarin karɓo basussuka. Yadda za ka gaya wa babba gaskiya ba tare da ka ci masa fuska ba, mu nan mun iya shi tun daga gida. Shi ake so a takarda.

Minti sha biyar na ƙarshe, da makonnin da ke gabansu

Ajiye bik ka karanta umurnin tambayar karo na uku, ka bi kanunka da yatsa. Duba ko lambar da ke cikin rubutu ita ce ke cikin jadawali, ko ka sa miliyan inda ya kamata, ko shekarun ba su juye ba. Jimlar da ta wuce layi uku, raba ta. Idan a kwamfuta ake jarrabawar, kamar ta ACCA, yi lissafi a shafin lissafi ka kwafo sakamakon kawai cikin rahoton, kuma ka saba da allon rubutun tun kafin ranar, domin wanda ya saba da jerin haruffan Faransanci yakan yi tuntuɓe idan aka ba shi na Ingilishi.

A shiri kuwa, karanta gyararrun amsoshi ba ya koya wa hannu rubutu. Ɗauki tsohuwar tambaya, kashe waya, sa agogo, ka rubuta rahoton har ƙarshe cikin mintin da ka ware, ko da wuta ta ɗauke sai da fitila. Sau biyu a mako ya isa idan an dage. Washegari ka ba wani abokin karatu takardar, shi ma ya ba ka tasa, kowa ya ɗauki jan bik ya rubuta "sai me?" a gefen duk sakin layin da ya tsaya a lamba. A rukuninmu na dare mukan ƙirga su. Takardar farko takan kwashi bakwai ko takwas. Wanda ya sauko zuwa biyu, shi ke sayen sukarin shayin makon.